Ranar da Gwaggo Ta Faɗi Gwaji

In ka shiga Kwaciri a wancan zamani ka ce kana neman Salmanu, sai a tambaye ka wane daga ciki, domin suna da yawa. Amma da ka ce Salmanu mai Gwaggo, ko makaho zai nuna maka ƙofar gidan. Gwaggon nan kuwa ba ƙanwar ubansa ba ce, mota ce, tsohuwar babbar mota mai bodin katako, wadda ta yi aikin soja lokacin yaƙi kafin ta faɗo hannunsa.

Salmanu gajere ne mai faɗin ƙirji, ba ya son dogon zance, kullum da ɓarin goro a kumatunsa. Ubansa jakai yake korawa, ya ɗauko gyaɗa da fatu daga ƙauyukan arewacin Kano ya sauke a bakin tashar jirgi. A bayan jakan nan Salmanu ya tashi, har gemu ya fito masa bai taɓa zama a gaban mota ba. Da motoci suka fara ƙwace wa jakai aiki, sai ya koma dako a Kantin Kwari, yana lodin dilolin yadi a motar wani Kwara, Balarabe mai kanti. Direban motar ya lura da natsuwarsa, ya riƙa ba shi sitiyari in sun fita bayan gari. Yana dab da shekara talatin ya sami lasin, ya yi wa Kwaran tuƙi shekara shida. Da ubansa ya rasu, ya sayar da jakan da gonar da ya gada, ya je wurin gwanjon kayan soja ya sayo motar da kowa ya tsallake, don ko tashi ba ta yi.

Da turi aka kai ta Sabon Gari, rumfar wani makaniki mai suna Nwabueze, a gindin wani ƙaton durumi. Nwabueze mutumin gabas ne, ya zo Kano tun yana saurayi ya yi aiki a wurin gyaran jirgin ƙasa, daga baya ya buɗe tasa rumfar. Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Ya zagaya motar sau biyu, ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce, "Malam Salmanu, wannan ai tsohuwa ka auro. Za ta tashi, amma sai ka bi ta da ladabi kamar gwaggonka." Sunan ya bi ta tun daga ranar. Kwana arba'in ya yi a kanta, ta tashi da tari da hayaƙi, ta kama hanyar Ɗambatta da Kazaure, tana kai yadi da gishiri da kananzir, tana dawowa da gyaɗa da mutane da kajinsu.

Shekara huɗu suna haka. Duk ƙarshen wata Salmanu yakan kai Gwaggo gindin durumi, ya zauna a kan tsohuwar taya yana kallo ana taɓa ta. Ranar sunan 'yarsa Huseina, Nwabueze da matarsa Chinyere suka zo har Kwaciri da sabulu da turmin atamfa.

Sai rikicin watan Mayu na 1953 ya ɓarke tsakanin mutanen Sabon Gari da na Fagge da cikin birni. Kwana huɗu ana abu ɗaya, aka rasa rayuka ta kowane ɓangare, aka ƙona rumfuna. Salmanu yana Kazaure lokacin, bai shigo gari ba sai da ƙura ta lafa. Ya tarar da zaman makoki a layinsu, an kashe ɗan maƙwabcinsa. A wurin zaman makokin ya ji cewa rumfar gindin durumi ta ƙone, mai ita kuma yana asibiti. Ya ce a ransa gobe zai je. Gobe ta yi, ya ga idon unguwa a kan duk wanda ya doshi titin da ya raba Fagge da Sabon Gari, ya ce bari a kwana biyu. Kwana biyu suka zama wata. Daga nan kuma ba tsoron mutane ne ya riƙe shi ba, kunya ce: da wane baki zai ce sannu bayan wata uku? Bayan wata bakwai fa?

Gwaggo kuwa ba ruwanta da kunyar kowa, tsufanta take yi. Abin da ya kwance, Salmanu ya ɗaure da waya. Abin da ya tsage, ya kai wa wani maƙeri a Fagge ya liƙe masa. Gwajin da ake yi wa motocin haya na shekarar farko ta tsallake da ƙyar, don aikin Nwabueze bai gama sakinta ba. Amma zuwa daminar 1954, sai ya taka birki sau uku kafin ya kama, sitiyari kuma sai ya murza shi kusan taƙi guda kafin ƙafafun gaba su san ana magana da su. Gwaninta ce ta rufa masa asiri. Tun daga nesa yake rage gudu da giya, ya san kowane rami da kowace kwana, ya san inda shanu suke tsallakawa. Fasinjojinsa ba su taɓa sanin komai ba.

Ranar gwaji ta faɗo wata Talata a cikin Oktoba, ana shirin fara cinikin gyaɗa. Filin gwajin a bayan gari yake, an ja layi da farar ƙasa a tsakiya. Mai gwajin wani Bature ne siriri, da gajeren wando da sandar ƙarfe a hannu, yana jin Hausa irin ta bariki. Ya sa Salmanu ya taho da gudun mil ashirin, in ya zo kan layi ya taka birki sau ɗaya. Sau ɗaya tak, ba famfo.

Salmanu ya taho, ya taka. Ƙafarsa ta nutse har ƙasa, Gwaggo ta wuce layi tana tafiyarta kamar ba da ita ake ba, sai can kusa da wata geza ta ga dama ta tsaya. Direbobin da ke jiran layi suka kwashe da dariya. Baturen bai yi dariya ba. Ya sa aka ɗaga gaban motar da jak, ya kama taya ya girgiza, ta yi ƙwal-ƙwal. Ya hau bodi ya caka sandarsa a katakon ƙasa, ta shige kamar cikin gwanda. Ya leƙa ƙarƙashi ya daɗe, ya fito da guntun waya a hannu yana jujjuyawa.

"Ranka ya daɗe," in ji Salmanu, "shekara goma sha ɗaya ina tuƙi, ko kaza ban taɓa takawa ba."

"Na yarda," in ji Baturen. "Kai ka iya tuƙi. Mota ba ta iya tsayawa ba. Wata rana kai za ka gaji, ko yaro ya fito da gudu. To?"

Ya rubuta abu uku a takarda: birki, sitiyari, katakon bodi. Ya ce ba kaya, ba fasinja, a gyara a dawo cikin kwana goma sha huɗu. In ta sake faɗuwa, za a cire ta daga hanya.

Salmanu ya koma gida ya ajiye motar a ƙofa, ya shiga ya zauna a tabarma bai cire hula ba. Matarsa Ummakulsum ta kawo masa fura, ya kurɓa sau ɗaya ya ture. Da ya gaya mata abin da ya faru, ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Ta ci gaba da tsince shinkafarta, sannan ta ce, "Malam, ai ka san inda maganin yake."

"Akwai masu gyara a Fagge."

"Akwai. Su ne suka kai ka inda kake yau."

Washegari ya kira kafinta, cikin kwana uku aka cire ruɓaɓɓen katako aka shimfiɗa sabo. Wannan mai sauƙi ne. Ya kai wa maƙerin maganar birki, mutumin ya leƙa, ya goge hannu a walkinsa ya ce, "Salmanu, tsakanina da Allah, wannan ya fi ƙarfina. Kada in cuce ka." Ya gwada wani mai gyara a bakin tasha, shi kuma ya ce irin wannan motar ta soja bai taɓa buɗe cikinta ba. Kwana biyar suka tafi.

Da safiyar kwana na shida, ya fito zai tayar da mota ya tarar Ummakulsum ta sa an ajiye masa ƙwarya a kujerar gaba, an rufe da faifai. Ƙwan zabi ne da curin man shanu. Ta leƙo daga zaure ta ce, "Ba a zuwa jaje hannu rabbana, ko da an makara. Ka ce da Chinyere ina gaishe ta."

Tazarar ba ta kai mil guda ba, amma Salmanu ya ce bai taɓa yin tafiya mai nisanta ba. Ya tsallaka titin a giya ta ɗaya. Durumin yana nan, gefensa ɗaya ya babbake. Rumfar sabuwa ce, ƙarama, ta tsohon kwano, babu mota ko ɗaya a gabanta, sai kekuna biyu da keken ɗinki da fitilun a-ci-bal-bal na gwangwani a jere. Nwabueze yana zaune a benci ya ba hanya baya. Bai juyo ba ya ce, "Tun daga kwanar titi na ji tarinta. Wa ya lalata ta haka?"

Salmanu ya sauko, ya cire takalmi kamar mai shiga zaure, ya tsuguna. Sai a lokacin ya ga hannun. Hannun dama ne, tabo ya ratsa shi daga tafi har gwiwa, yatsu uku sun lanƙwashe ba sa miƙewa.

"Nwabueze, sannu. Ya ƙarfin jiki?"

"Wane jikin? Na bara?" Ya juyo ya dube shi. "Wata biyu na yi a asibiti, Malam Salmanu. Duk motar da ta tsaya a bakin ƙofa sai in ɗaga kai in ce ga shi nan. Masu koyon aiki a wurina iyayensu suka kwashe su suka mayar gida. Mutanen da ban taɓa yi wa komai ba sun zo. Kai ne ba ka zo ba."

"Ba ni da hujja," in ji Salmanu. "Da fari tsoron bakin mutane na ji. Daga baya kunya ta kama ni. Kullum in na ƙara kwana sai ta ƙara nauyi. Yau ma ba kirkina ne ya kawo ni ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Mota ce ta faɗi gwaji."

Chinyere ta fito daga cikin gida, ta tsaya riƙe da ƙugu. Salmanu ya miƙe ya ɗauko ƙwaryar ya ajiye a gabanta, ya isar da gaisuwar Ummakulsum. Ta ɗaga faifan ta duba, ta ce, "Huseina ta yi baki?" Ya ce ta yi, har ta ishe su da surutu. Ta ɗauki ƙwaryar ta shige, ba ta ce an gode ba.

"Da ka ce kewata ce ta kawo ka, da na kore ka," in ji Nwabueze. "Ba ni takardar."

Ya karanta, ya tashi ya zagaya motar, ya kwanta ya leƙa. Ya fito yana girgiza kai. "Baturen nan bai yi mata ƙarya ba, ya ma raga mata. Kwana nawa suka rage?"

"Takwas."

"Hannun nan ba zai iya kwance notin taya ba. Ka ga abin da nake gyarawa yanzu." Ya nuna kekunan da haɓa. "Amma idona da kunnena ba wanda ya taɓa su. Kai kuma kana da hannu biyu kamar na ɗan dambe, ba su san komai ba sai sitiyari. Tuɓe rigar nan."

Haka Salmanu, yana da shekara arba'in da 'yan kai, ya kwanta a ƙarƙashin motarsa a karo na farko da niyyar koyo. Nwabueze ya jawo benci ya zauna a kansa da 'yar sanda, yana nuna wa yana faɗa. Duk wayar da aka ciro sai ya ɗaga ta sama ya ce, "Wannan ta shanyar Ummakulsum ce ko ta mota?" Suka cire ƙafafun huɗu. Abin da ke kama ƙafa a cikin birki ya cinye har ƙarfe yana goga ƙarfe, bututun man birki kuma ya tsage yana yoyo. Sababbin kayan irin wannan motar babu su a kanti. Nwabueze ya tuna da wata 'yar'uwarta da ta mutu a bayan gidan wani mai katako a ƙarshen Sabon Gari, suka je da ƙafa, suka roƙi mai ita, suka yini suna kwance abin da suke so, kaji na kwance a kujerarta.

Ranar farko ruwa kawai aka ba Salmanu. Rana ta biyu ya nemi inda zai yi alwala ya rasa, ya taka har famfon bakin kasuwa. Rana ta uku, azahar na yi ya ga buta cike da ruwa a gindin durumi, da tsohuwar tabarma a naɗe. Da ya idar, Chinyere ta aje masa dafaffiyar doya da manja, ta ce, "Babu nama a ciki, Malam, ci kanka tsaye." Ranar Juma'a aka tashi da hantsi ya tafi masallaci, ranar Lahadi sai da aka taso daga coci aka kama aiki. A tsakanin ɗaure noti da kwance noti suka riƙa taɓa abin da ya wuce. Nwabueze ya ce bai ga fuskar wanda ya sare shi ba, kuma ba ya so ya sani. Salmanu ya ba shi labarin ɗan maƙwabcinsa, wanda ya fita sayen kananzir bai dawo ba. Nwabueze ya ce, "Allah ya ji ƙansa," da Hausa, kamar yadda ake faɗa.

Aikin da ya fi ba su dariya shi ne fitar da iska daga bututun birki, don ba ya yiwuwa sai da mutum biyu. Nwabueze ya hau kujerar direba, tun da ƙafarsa lafiya lau, Salmanu yana ƙasa da sifana. "Na taka!" "Riƙe!" "Na riƙe!" "Saki!" Haka suka yi ta ihu ƙafa bayan ƙafa, har matan layin suka fito kallo, man birki ya wanke wa Salmanu gemu.

Ana saura kwana biyu suka fita gwada ta a hanyar filin jirgin sama. Sitiyari ya zama kamar na sabuwa. Amma da Salmanu ya taka birki, Gwaggo ta tsaya cak, sai dai ta fizgi hagu har ta kusa faɗawa lambatu. Nwabueze ya ce a koma. Suka sake buɗe ƙafar dama ta gaba, ya sa ido, ya ɗora sandarsa a kan wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa. "Wa ya sa wannan?"

"Ni."

"A juye ka sa shi. Ni ma laifina ne, na tafi shan ruwa lokacin. Cire."

Ranar Talata, cikar kwana goma sha huɗu, Nwabueze ya fito da farar taguwa a goge, ya ce zai bi shi. Wannan ne karo na farko da ya bi ta Fagge tun bayan rikicin, ya zauna a gaba ya ɗora hannun a cinya yana kallon hanya. A filin gwaji akwai wasu daga cikin direbobin da suka yi dariya rannan. Baturen ya karɓi takarda, ya nuna layi.

Salmanu ya ja baya, ya yi bisimilla, ya taho. Allurar ma'aunin gudu ta hau ashirin. Farar ƙasa ta shige ƙarƙashin hancin motar, ya taka sau ɗaya. Tayoyi suka yi ƙara, ƙirjinsa ya bugi sitiyari, Gwaggo ta kafe a miƙe sak. Baturen ya ja igiyar awo daga layi zuwa taya, ya rubuta. Ya girgiza ƙafafun gaba, ba su motsa ba. Ya hau bodi ya caccaka, ya yi tsalle a kai. Ya shiga ƙarƙashi ya daɗe fiye da wancan karon. Ya sa aka kunna fitilu, aka danna ham, ya ce ham ɗin nan mura yake yi amma ana ji.

"Wa ya yi aikin?"

Salmanu ya nuna Nwabueze. Nwabueze ya ɗaga lanƙwasasshen hannunsa ya ce, "Ni baki na sa. Ga mai hannu nan." Baturen ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya buga hatimi a takarda ya miƙa. Salmanu ya karɓa da hannu biyu, ya ninke ya sa a cikin hula.

Gwaggo ta yi kakar gyaɗar bana, ta yi ta baɗi. Salmanu ya mayar da Talata ranar rumfa: ba ya fita hanya, sai ya je ya zama hannun Nwabueze. Da haka rumfar ta sake karɓar manyan motoci. Direban Fagge na farko da ya biyo shi wani ne Sammani, wanda kulocin motarsa ya ƙi, ya zo yana waige-waige. Bayansa wasu suka biyo, wasu kuma har suka bar tuƙi ba su tsallaka titin ba. Hannun Nwabueze bai koma daidai ba, amma da yawan motsawa yatsa ɗaya ya saki, har yana iya riƙe ƙaramar sifana.

A 1959 ƙashin bayan motar ya tsage a hanyar Kazaure, tsagewar da ba ta ɗinkuwa. Nwabueze ya duba ya ce jikin ya gama, amma injin yana da sauran shekaru a gaba. Suka sauke shi, suka kafa a wani ɗaki a Kwaciri, suka haɗa shi da dutsen niƙa. Salmanu ya ce dama gwiwoyinsa sun fara gajiya da hanya. Ranar da za a fara aiki, tun da hantsi mata da 'yan aike suka jera ƙore da kwanonin dawa da gero har bakin titi. Injin ya tashi a murɗawa ta uku. Sai gardama ta kaure a ciki, Nwabueze yana cewa bel ɗin da ke juya dutsen ya yi sako-sako, Salmanu yana cewa in aka ƙara ɗaure shi zai tsinke. Suna cikin haka wata tsohuwa ta turo kai ta taga ta ce, "Ku bayin Allah, in kun gama shawarar ku niƙa mana, tukunyata tana kan wuta!"